Nakasassun Sabo a Ibadan: Tsakanin Mallakar Gida da Karɓar Taimako

A unguwar Sabo ta Ibadan, kamar sauran zangunan Hausawa na Kudu, akwai maganar da ke tsinke wa nakasasshe hanyar abinci nan take: "Ai yana da gida a Arewa." Da zarar ta fita, mai sadaka ya janye hannu, mai rubuta sunayen masu tallafi ya tsallake sunansa. Wannan nazari na duba abin da ke sa makaho ko gurgu ya ɗaure cikinsa shekara da shekaru don ya mallaki ɗaki, da abin da ke biyo baya idan jama'a suka mayar da ɗakin hujjar hana shi taimako.

An kafa Sabo a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ibadan da Kano, fataucin goro da shanu ya bunƙasa. Tun daga lokacin gida shi ne jari. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa ƙarfin maigida na cikin yawan ɗakunan da zai sauki fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu wajen bashi. Ya kuma tarar da bara a tsare, makafi da guragu da kutare kowane rukuni da sarkinsa. Ke nan tun asali gidajen Sabo na hannun 'yan kasuwa kaɗan, nakasasshe kuwa ɗan raɓe ne. Unguwar ba ta da wurin faɗaɗa, jama'a na ƙaruwa, haya na tashi. Wanda ya tara ɗan abin hannu, ƙauyensu ya fi masa araha.

Dalili na farko da ke sa nakasasshe neman mallakar gida shi ne babu wani abin dogaro. Nijeriya ba ta da alawus na nakasa da gwamnatin tarayya ke biyan kowane mai lalura wata-wata. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati da gyara gine-gine, aka kuma kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020, amma dokar ba ta yanka wa kowa albashi ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta fi amfanar mai aikin da aka yi wa rajista, alhali ɗan dako da ɗan acaɓa da mai yankan farce, waɗanda hatsari ko ciwo ke kwantarwa, ba sa cikin kowane littafi. Jigawa ta gwada biyan nakasassu naira 7,000 a wata tun zamanin Gwamna Sule Lamido a 2007, sai dai mazaunin Sabo ya faɗa tsakani: a jihar Oyo, inda Ibadan take, baƙo ne, a jiharsu ba ya nan. Mutumin da ya san ba fansho ke jiransa ba, bulo da kwanon rufi su ne fanshonsa.

Na biyu, zaman bakin titi ba shi da tabbas. A 2021 gwamnatin Oyo ta Gwamna Seyi Makinde ta kwashe mabarata daga titin Jemibewon, kusa da Sabo, zuwa wani matsuguni a Akinyele, kuma ba a jima ba wasu suka komo, domin inda jama'a ke wucewa nan abincinsu yake. A shekarar ce rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan ya nuna wa 'yan Arewa yadda dare ɗaya kan raba mutum da rumfarsa. Duk wanda ya ga haka zai so wurin da ba mai cewa ya tashi.

Na uku shi ne mutunci. A wurin Bahaushe magidanci shi ne mai inda zai ajiye iyali, ya aurar da 'ya, ya bar wa marayu gado. Nakasa ba ta cire wannan buri daga zuciya. Shi ya sa ake shiga adashi, ana aika kuɗi gida kaɗan-kaɗan, bana a sayi fili, baɗi a kafa tushe.

Matsalar na tasowa ne idan aka ɗauki gida tamkar kuɗin shiga. Ɗaki biyu a wani ƙauyen Katsina ko Zamfara ba sa sayen magani, ba sa cika tukunya, kuma matsalar 'yan bindiga ta sa wasu gidajen ba sa zaunuwa, ba sa sayuwa. Fiƙihun Malikiyya da Sabo ke bi ya daɗe da warware wannan: gidan da mutum ke buƙata don zamansa ba a fitar masa da zakka, kuma ba ya hana a ba mai shi zakka muddin abin hannunsa bai ishe shi ba. Wasu ƙasashen da ke da tsarin tallafi ma sun bi wannan hanya. A Birtaniya ba a lissafa gidan da mutum ke ciki a cikin dukiyar da ke hana tallafi, ko da yake ajiyar da ta haura fam 16,000 na hanawa. A Amurka ma an cire gidan zama daga lissafi. A nan kuwa, rajistar talakawa ta ƙasa kan duba irin rufi da daɓen ɗaki wajen auna talauci, don haka kwanon da gurgu ya yi shekaru yana tara kuɗinsa na iya rage masa maki.

Sakamakon farko na ɗaukar gida tamkar kuɗin shiga shi ne ɓoyo. Mai tsoron a yanke masa taimako yakan sayi fili da sunan ƙane ko ɗan'uwa, ba takarda, ba shaidu. Ranar da ya rasu, ko zumunci ya yi tsami, matarsa da 'ya'yansa su tashi a tutar babu. Na biyu, zargi ya game kowa. Labari ɗaya na mabaracin da aka samu da damin kuɗi ya isa a yi wa dubbai kuɗin goro. Na uku, an kashe gwiwar mai ƙoƙari: idan tanadi na jawo hukunci, zama a titi ya fi riba, kuma yaron da ke jan makaho zai ci gaba da rasa makaranta.

Gaskiya ce kuma akwai masu cin amanar tausayi. Wanda ke da gidajen haya ko shago mai kawo riba, ya kuma zauna yana miƙa hannu, ya danne haƙƙin wanda ya fi shi buƙata, kuma addini ya yi kakkausan gargaɗi a kan roƙo ba tare da larura ba. Ma'aunin adalci shi ne abin da ke shigowa aljihu da abin da lalura ke ci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gyaran na hannun mutane sanannu. Fadar Sarkin Hausawan Sabo da sarakunan makafi da guragu su riƙe rajistar mambobinsu, su bambance mai gidan zama da mai gidan haya. Limamai su bayyana hukuncin zakka a huɗuba. Gwamnatin Oyo ta yi wa mazauna rajista bisa inda suke zaune, jihohin Arewa su taimaka wa nakasassu da takardun fili da sunayensu. Mai ba da sadaka kuma, idan ka ji an ce wane ya gina ɗaki, ka yi masa barka, sannan ka tambayi abin da ya ci yau.