Takalmin Doguwar Tafiya: A Gwada Shi Da Marece

Da damana makiyaya suna kora dabbobi arewa, wasu har Ingal, inda ake taron lasar gishiri cikin watan Satumba. Da rani kuma ƴan cin rani da fatake suna bin hanya da kaya a kai ko a baya. Duk wannan nauyi ƙafa ce ke ɗauke da shi. In ta yi rauni a tsakiyar daji, tafiya ta tsaya.

Abu na farko shi ne awo. Ƙafar mutum tana ɗan kumbura in ya wuni yana tafiya, balle da kaya. Takalmin da ya yi daidai da safe yana iya matsewa da la'asar. Saboda haka ku gwada takalmi da marece, ku sa ƙafa biyu duka, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ku sa safar da za ku yi tafiya da ita, ku tashi tsaye, ku taka. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Diddige kuwa kada ya riƙa zamewa, don gugar nan ita ke kawo bororo. Mai kanti zai ce muku takalmi zai buɗe daga baya. Fata takan saki kaɗan a faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa.

Sai a dubi hanyar. Fade na fata ko na taya yana da sauƙi, ƙafa tana shan iska, ƙasansa kuma yana tare ƙaya. Cikin rairayi da zafi babu laifi. Amma inda akwai ciyawa da duwatsu, rufaffen takalmi mai kai wa idon sahu ya fi, domin maciji irin kububuwa ya fi sara a ƙafa. Dogon takalmin roba na lambu ne da fadama: a doguwar tafiya yana tara zufa, tsakanin yatsu ya jiƙe ya tsage. Silifa kuwa ta gida ce.

Kada a sa sabon takalmi ranar tashi. A yi kwanaki ana zuwa gona da kasuwa da shi tukuna. A zango, a cire shi, a wanke ƙafa, a shanya safa. Da safe a kakkaɓe shi, kunama tana son kwana ciki.

In ƙusa ko ƙaya ta huda ƙafa, a wanke da ruwa da sabulu, a je gidan likita don allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, don yana iya jin rauni bai sani ba.