Kira dubu, kuskure ɗaya: yadda ake gano wanda ya lalace a kundin rahoton Python

Kowace manhaja da ke aiki a kan sabar tana ajiye kundin rahoto, wanda masu rubuta manhaja ke kira log. Nan ake garzayawa idan wani abu ya lalace. Sai dai kundin yakan faɗi wurin da kuskure ya faru, amma bai cika faɗin wane kira ne ya jawo shi ba.

A ɗauki misalin manhajar sayar da data da katin waya. A cikinta akwai fankshin mai suna biya_kudi. Fankshin guntun umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, a riƙa kiransa duk lokacin da ake buƙata, kuma wannan ana kiransa sau dubbai a yini. A ce wata mata ta kawo ƙorafi: an cire mata naira 2,000 amma data bai shigo ba. Mai manhaja ya buɗe kundi, sai ya tarar da layuka a cakuɗe: "an fara biya" sau biyar, "an tura wa banki" sau huɗu, sannan kuskure guda. Wanne ne nata? In ba a gano ba, ko dai a mayar da kuɗi ga wanda bai cancanta ba, ko a bar mai gaskiya da asara.

Abin da Python ke bayarwa

Tun daga Python 2.3 na shekarar 2003 ake da logging, wanda Vinay Sajip ya rubuta. Idan aka sa %(funcName)s da %(lineno)d a tsarin layin rahoto, zai nuna sunan fankshin da lambar layi. Umarnin logger.exception kuma yana buga sawun kuskure, wato jerin fankshin da aka ratsa kafin abin ya fashe. Amma sawun ba ya nuna bayanan da aka miƙa wa fankshin ɗin. Kira dubu da suka faɗi a layi ɗaya, sawunsu iri ɗaya ne.

Agogo ma ba ya raba gardama, domin kira biyu na iya faɗawa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wasu na dogara da %(thread)d, lambar zaren aikin da ke gudanar da kiran. Amma sabar kan yi amfani da zare ɗaya ta sallami mutane da yawa a jere, kuma a tsarin asyncio ayyuka da dama ne ke karɓa-karɓa a kan zare guda.

Kowane kira da lambarsa

Maganin shi ne a ba kowane kira lambar shaida tun daga farawarsa, lambar ta fito a duk layin da ya rubuta. An fi amfani da uuid.uuid4(), mai samar da lamba ta haruffa da alƙaluma 32 wadda zai yi matuƙar wuya ta maimaitu. Wasu kan yanke takwas na farko don sauƙin karatu. A nan sai an yi hattara: takwas ɗin na ba da zaɓi kusan biliyan 4.3, amma a lissafi, da zarar kira ya kai wajen 77,000, yiwuwar biyu su yi karo ta kai rabi. Ƙirga 1, 2, 3 da itertools.count shi ma yana da nasa aibi, domin ƙirgar na komawa farko duk lokacin da aka sake kunna manhajar.

Saura yadda lambar za ta bi kiran. Miƙa ta hannu da hannu daga fankshin zuwa fankshin wahala ce. Ajiye ta a ma'aji ɗaya na kowa da kowa kuwa, kira na biyu zai goge ta farko. Irin wannan matsala ce contextvars ya zo warwarewa a Python 3.7 na 2018, inda kowane zare ko aikin asyncio ke riƙe da nasa:

```python
kira = contextvars.ContextVar("kira", default="-")

class SaLamba(logging.Filter):
    def filter(self, record):
        record.kira = kira.get()
        return True
```

Sai a ƙara %(kira)s a tsarin layin rahoto. A ɗaura wannan matata a kan handler, wato ɓangaren da ke rubuta rahoto a fayil, domin ta kama layukan duk sassan manhajar. Daga nan a lulluɓe biya_kudi da dekoreta, fankshin da ke zama riga ga wani, ya sa sabuwar lamba kafin aiki, ya cire ta bayan an gama.

Inda ake tuntuɓe

Idan dekoreta ya cire lambar, sannan wani sashe na sama ya kama kuskuren ya rubuta, layin zai fito babu lamba. Don haka a rubuta kuskuren tun a cikin dekoreta, ko a maƙala lambar a jikinsa da add_note, wanda ya zo a Python 3.11 na 2022. Haka nan rahoton da aka rubuta daga cikin dekoreta zai nuna sunan rigar ne a %(funcName)s, sai an sa ainihin sunan da hannu.

Babban haɗari shi ne zuba duk bayanan kira a kundi don neman sauƙi. Ta haka lambar kati da PIN da BVN ke ƙarewa a fayil ɗin da kowane ma'aikaci zai iya buɗewa, alhali dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin tsare su. Lambar shaida da adadin kuɗi da lambar oda sun wadatar.

Dabarar ba ta Python kaɗai ba ce. A Node.js akwai AsyncLocalStorage, yayin da OpenTelemetry, wanda aka kafa a 2019, ke bin lamba ɗaya daga sabar zuwa sabar. Mataki na ƙarshe mai sauƙi ne: a nuna lambar a allon wayar mai saye duk lokacin da ciniki ya gaza. Idan ya turo ta, bincike ɗaya a kundi zai fito da duk layukan kiransa, daga farawa har inda ya tsaya.