Ba a Sayen Gurbin Bincike a Hannun Dillali

Bayan babbar Sallah wani ɗan yayata ya kira ni daga Isa, muryarsa har rawa take don murna. Wai an ba shi gurbin bincike na shekara biyu a wata jami'a a Turai, abin da ya rage kawai ya tura naira dubu ɗari huɗu kuɗin fom da tantancewa kafin Juma'a. Na ce, "Dakta, wa ya ba ka?" Ya ce, "Kawu, wani bawan Allah ne muka haɗu a WhatsApp, shi ke da hanya can." Na ce ya dakata in ga takardar tukuna. Ashe ya riga ya tura rabi, kuma kuɗin na ɗaya daga cikin shanun huɗar mahaifinsa ne.

Wannan shi ne na uku da ya zo kunnena tsakanin Isa, Sabon Birni da cikin garin Sakkwato. Na gaji da ji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda ake yi wa wannan yankan aljihu mutane ne da suka ƙare digiri na uku, waɗanda aikinsu ke nan su tambayi hujja kafin su gaskata magana.

Abin da 'yan jami'a ke kira fosdok, wato irin wannan gurbin bincike, aiki ne na ɗan lokaci, shekara ɗaya zuwa uku galibi, da sabon dakta ke yi a ƙarƙashin wani gogaggen malami don hannunsa ya faɗa a bincike. Ba digiri na huɗu ba ne. Albashi ake biyan mai yinsa. Iyakarta ke nan.

To daga ina aka samo cewa sai da kuɗi, sai da hanya? Na san daga ina. Mun saba ganin dillalin takardar ɗaukar aiki, da dillalin biza, da mai cewa yana da kujerar Makka a aljihu. Sai muka ɗauka kowace ƙofa a duniya haka ake buɗe ta. Amma ku tsaya ku dubi inda kuɗin gurbin bincike ke fitowa, za ku ga babu ta inda dillali zai sa hannu.

A Jamus akwai Gidauniyar Alexander von Humboldt da ke birnin Bon. Tana da shiri mai suna Georg Forster, wanda aka ware don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya da Nijar. Wanda bai wuce shekara huɗu da ƙare digirinsa na uku ba yana iya samun wata shida zuwa ashirin da huɗu, a biya shi duk wata, a biya kuɗin jirgi, har da tallafin iyali. Tarayyar Turai kuma tana da shirin Marie Skłodowska-Curie, wanda ɗan kowace ƙasa ke iya nema muddin bai wuce shekara takwas yana aikin bincike bayan digirin ba. Ga kuma cibiyar TWAS da ke Triyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan, wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, ya kafa a 1983. Ita takan tura masana kimiyya zuwa ƙasashe irin su Indiya da Malesiya da Pakistan. A cikin waɗannan babu mai karɓar ko kwabo na fom. Su ne masu bayarwa. Yaushe aka taɓa ganin mai rabon zakka yana cewa a fara biyan shi?

Zaɓen ma ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Takardunka sukan je hannun masana fanninka a ƙasashe daban-daban, su karanta, su ba da maki, sannan kwamiti ya zauna. Kafin nan kuma dole wani malami a can ya rubuta cewa ya yarda ya karɓe ka, ya ba ka wurin aiki, ya jingina sunansa da naka. Farfesan da ya shekara talatin yana gina sunansa zai zubar da shi ne don naira dubu ɗari huɗu da ta faɗa asusun wani a Legas ko Kaduna? Haba jama'a.

Wani zai ce, "Ai wane ya samu ne don ya san farfesa a Jamus." Gaskiya ne, ya san shi. Tambayi yadda aka yi suka san juna. Ya karanta rubuce-rubucen mutumin, ya rubuta masa wasiƙa, ya aika masa da nasa, ko sun haɗu a wani taron masana. Idan wannan ce hanya, to a buɗe take ga kowa, kuma kuɗinta bai wuce na data ba. Mun ɗauki sanayyar da aiki ya haifar mun haɗa ta da sanayyar cin hanci, shi ya sa muke ta ruɗewa.

Haka abin yake a gida. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, ba ya hulɗa da mutum shi kaɗai. Malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ta makarantarsa yake nema, ita ke miƙa sunansa. Kuma tun daga farkon 2025 asusun ya dakatar da ɓangaren tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsada da kuma masu zuwa su ƙi dawowa. Duk wanda ya ce zai cusa sunanka a Abuja in ka ba shi na goro, gaya masa ya nemi wani.

Ba na musun akwai kashe kuɗi. Fasfo da kuɗi ake yin sa, biza ma haka, karɓo takardun shaidar karatu daga jami'a ma haka. Amma waɗannan a ofisoshinsu ake biya, a karɓi rasit, mafi yawansu kuma bayan an riga an zaɓe ka ne.

Akwai maganar da ba a son ji, zan faɗe ta. Macucin nan Allah zai tambaye shi, wannan babu shakka. Amma wanda ya yarda ya sayi gurbi, ya yarda ke nan a danne wani da ya fi shi cancanta a ba shi. Da cinikin ya faɗa, da ba mu ji kukansa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu ji tsoron Allah, mu daina nema wa ilimi ƙofar baya.

Na san rashin tsaro da rashin wuta da katse layukan waya irin na 2021 sun mayar da yaran yankinmu baya, amma ko ɗaya a ciki ba ya sa fom ɗin kyauta ya koma na kuɗi.

Ga mai son abin da gaske, farko ya san kwana yake ƙirga masa. Shekara huɗun nan ta Georg Forster da takwas ɗin nan ta shirin Tarayyar Turai daga ranar da aka tabbatar maka da digiri suke fara tafiya. Da yawa cikinmu da an kira su Dakta sai a shiga walima, a shiga kwamitoci, a ƙara aure, sai an farga wa'adi ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana rubuta babin ƙarshe na kundinka ya kamata ka san sunayen malamai biyar a duniya da aikinsu ya yi kusa da naka. 'Yan'uwa mata kuma su sani, shirye-shiryen Turai da na ambata suna cire lokacin haihuwa da reno daga lissafin, saboda haka kada wata ta cire rai tun ba ta karanta sharuɗɗan ba.

Sai maƙaloli. Kundin da ke kwance a kan kanta ba wanda zai gan shi a Bon. Fitar da maƙala biyu ko uku daga cikinsa, ka kai mujallar da ake tacewa da gaske, wadda za ta dawo maka da gyara har ranka ya ɓaci. Ka guji mujallun nan na biya yau a buga jibi. Masu tantancewa sun san su sarai, kuma maƙala goma a irinsu ta fi rashin maƙala zubar da mutunci. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, don a riƙa gane aikinka da sunanka.

Abin da za ka ce za ka bincika kuwa, ɗan Gobir bai da dalilin aron na wasu. Shirin Georg Forster ma sharaɗinsa ne aikin ya amfani yankin da ka fito. Ga gulbin Rima da fadamunsa, ga ambaliyar 2010 da ta biyo ta madatsar Goronyo ta cinye gonaki da gidaje. Ga cutar noma mai zaizaye fuskar yara, wadda ke da asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. Mai tarihi kuma ga Alƙalawa da ta faɗi a 1808, ga Tsibiri a ƙetaren iyaka, ga Sabon Birni. Tarihin gida ɗaya ne da Turawan Ingila da na Faransa suka raba, rabi a takardun Ingilishi rabi a na Faransanci, ga na ajami da na baka a hannun dattawa. Ga dubban mutanenmu da suka yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji da kewayen Maraɗi. Bature na iya samun kuɗin binciken waɗannan, amma ba ya jin Gobiranci, kuma ba za a buɗe masa ciki a zaure ba. Kai za a buɗe maka. In ka haɗa hannu da wani malami a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, takardarka ta ƙara nauyi. Sai dai kada neman gurbi ya sa ka jefa kanka ko masu ba ka labari cikin haɗari. Faɗi a tsarin aikinka yadda za ka kare su.

Wasiƙar da za ka aika wa malamin da kake so ya karɓe ka ta zama gajera. Wane ne kai, me ka karanta nasa, me kake son yi tare da shi, wane shiri za ku nema. Ban da dogon kirari, ban da labarin talauci, ban da wasiƙa ɗaya da aka watsa wa mutum hamsin. Yawanci shiru za ka ji. Sake rubuta wa wani. Masu rubuta maka shaida ka sanar da su da wata guda, ba daren rufewa ba. Kada kuma ka raina jami'o'in Afirka ta Kudu, suna ɗaukar 'yan fosdok sosai. In kana da aiki, nemi izinin tafiya a rubuce, ka cika alkawarin dawowa, don gudun da wasu suka yi yana cikin abin da ya rufe wa na baya ƙofa.

Macuci kuwa ba ya da wuyar ganewa. Zai taya ka murnar abin da ba ka nema ba, ya ce a biya cikin kwana biyu, asusun da zai bayar na mutum ne, adireshin imel ɗinsa kuma na Gmail ne ba na jami'a ba. Shiga shafin jami'ar da kanka, ka nemo ofishin, ka tambaya. Da muka yi haka a kan takardar ɗan yayata, ko sashen da aka rubuta a kanta babu shi a jami'ar.

Iyayenmu na Isa da Sabon Birni, ina roƙonku: duk ɗan da ya zo ya ce a sayar da dabba ko a jinginar da gona don an ba shi gurbin bincike a waje, ku ce ya fara kai takardar wurin malamin da ya duba kundinsa. Shi dai ɗan yayata yanzu yana gyaran maƙalarsa ta biyu, lambar macucin a kashe take, mahaifinsa kuma da sa ɗaya da na aro ya yi huɗar bana.