Kufan da ba a gani sai daga sama

Duk manomin da ya taɓa noma tsohon kufai ya san gero ba ya tashi bai ɗaya a wurin. Inda aka taɓa yin juji ko rijiya sai ka ga shuka ta yi baƙi ƙirin, ta ɗara 'yan uwanta tsawo. Inda tushen katanga yake binne kuwa, sai ta tsumbure, ta riga kowa yin ja idan ruwa ya ɗauke. Manomi yana ganin wannan kunya bayan kunya, amma ba ya ganin siffar da suka haɗu suka zana, domin yana tsaye a cikinta. Jirgin sama ne ya sauƙaƙa wa mutane ganin zanen gaba ɗaya, kuma bai daɗe da zuwa duniya ba ya soma wannan aiki.

A ranar 17 ga Disamba 1903 ne 'yan uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirginsu a kusa da Kitty Hawk a Amurka. Tashin farko bai wuce daƙiƙa 12 ba. Bayan shekara uku wani hafsan sojan Ingila ya ɗauki hoton Stonehenge, da'irar nan ta manyan duwatsu da mutanen zamanin da suka kafa, daga cikin balan-balan. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya gwanantar da idon mutane. An riƙa tura matasa sama su ɗauko hoton ramukan abokan gaba, su koyi bambance ƙasar da aka tona da wadda ba a taɓa ba. Da yaƙi ya ƙare, wasunsu suka juya wannan ido ga abin da aka tona shekaru dubbai da suka wuce.

Ɗaya daga cikinsu shi ne O.G.S. Crawford. A 1923 ya duba hotunan da sojojin sama suka ɗauka, ya bi sawun tsohuwar hanyar da ta tashi daga Stonehenge har bakin kogin Avon, hanyar da garma ta daɗe da shafewa. Wani matuƙi mai suna Gilbert Insall kuma, a Disamban 1925, ya hango wasu ɗigo-ɗigo a wata gona kamar kilomita 3 daga Stonehenge. Bai yi gaggawa ba. Ya jira alkama ta tashi a shekara mai zuwa, ya koma ya ɗauki hoto, sai ga zobe shida, wani cikin wani. Da aka haƙa, aka tarar gurabun manyan gumagumai ne da aka kafa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Itacen ya ruɓe tuntuni, amma ramin ya ci gaba da riƙe danshi, alkama kuma ta tona asiri. Wurin ne ake kira Woodhenge yanzu. 

A hamadar Siriya ba alkamar da za ta ba da labari, don haka wani limamin Katolika Bafaranshe, Antoine Poidebard, ya dogara da inuwa. Yakan tashi da sassafe ko gab da faɗuwar rana. A lokacin, ɗan tudun da bai kai gwiwa ba yakan shimfiɗa doguwar inuwa, sai sansanonin Rumawa da hanyoyinsu su fito ƙuru-ƙuru. Da tsakar rana, wurin nan dai fili ne fetal. Ya wallafa abin da ya gano a 1934.

Wannan duka yana da amfani ga mai yawon buɗe ido, ko da kuwa bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Yawancinmu idan mun je tsohuwar fada ko kango, abin da yake tsaye kawai muke kallo: hasumiya, ƙofa, katangar da za mu jingina a ɗauke mu hoto. A ganina wannan ne ƙaramin rabo. Gwalalon da ya cike, unguwar talakawa da ta kewaye fadar, kasuwa, rijiyoyi, duk suna ƙarƙashin ciyawar da muke takawa mu wuce.

Old Sarum da ke kusa da Salisbury a Ingila misali ne mai kyau. Tudu ne mai ganuwa tun zamanin da, Normawa suka gina fada a tsakiyarsa da babbar majami'a a gefe. Daga 1220 aka soma gina sabuwar majami'a a kwari, aka riƙa kwashe duwatsun tsohuwar har ta ɓace. Fari ne ya dawo da ita a 1834, lokacin da ciyawar da ke kan tushenta ta ƙone ta bar siffar ginin a ƙasa. Yau an shata layin, kuma wanda ya hau tudun fadar zai ga majami'ar a shimfiɗe kamar tabarma, abin da na ƙasa ba zai gane ba.

Saboda haka idan kun je irin wannan wuri, ku fara neman inda ya fi tsawo ku hau kafin ku shiga zagaye. Ku je da hantsi ko bayan la'asar, ku bar tsakar rana ga masu gaggawa. Ku lura da inda launin ciyawa ya sauya a miƙe ko a zagaye, domin ƙasa ba ta cika jan layi da kanta ba. A ƙasarmu, rukunin kuka a tsakiyar daji da tsingaro warwatse a ƙasa alama ce ta cewa an taɓa zama. Tsingaron nan ku duba shi ku mayar inda kuka same shi, domin masu bincike da wurin da ya faɗi suke gane wane ɗaki ne da wane zamani.