Magana Tsakanin Matuƙin Jirgin Sama da Masu Wanke Ƙanƙara

A ƙasashen sanyi ƙanƙara takan daskare a fuka-fukan jirgin sama, ta rage musu ƙarfin ɗaukarsa. Saboda haka kafin ya tashi akan fesa masa ruwan zafi gauraye da sinadarin gilikol. Masu feshin suna tsayawa ne cikin kwanduna da motoci ke ɗagawa sama. Matuƙi kuwa daga mazauninsa ba ya ganin wutsiyar jirgin, sai abin da aka gaya masa ta rediyo.

Ranar 21 ga Janairu 1995, a filin jirgin Mirabel na Montireyal a Kanada, ana cikin wanke wani Boeing 747 na kamfanin Royal Air Maroc, sai matuƙan suka ji an ce da Faransanci an gama wankin. Ashe ma'aikatan ƙasa ne ke magana tsakaninsu. Jirgi ya motsa, wutsiyarsa ta ture motoci 2, ma'aikata 3 suka faɗo suka mutu.

Kalmomin nan an ji su sarai, amma ba a ambaci wanda ake nufi da su ba. Don haka ƙa'idar aikin ita ce mai magana ya fara kiran jirgin da lambarsa, ya faɗi irin ruwan da aka fesa da lokacin da aka fara feshin ƙarshe, ya tabbatar cewa mutane da motoci sun janye. Matuƙi ya maimaita abin da ya ji, sa'an nan ya saki birki. Magana dai zarar bunu ce.