Manhajar hira na amsawa a Jiwa, amma a ina ake karanta saƙon ma'aikaci?

Tsakanin Jiwa da Sakatariyar Tarayya da ke titin Shehu Shagari akwai kuɗin mota, da cunkoson Dei-Dei, da rabin yinin ma'aikaci. Shi ya sa ƙananan ma'aikatan da tsadar haya ta koro zuwa wannan gari na Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja suka fi kowa buƙatar manhajar hira, wadda ke amsa tambaya ta waya ba tare da bin layi ba. Bankin UBA ya fito da Leo tun 2018, ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, shi ma ya kawo Service-Wise GPT domin saukaka binciken dokokin aikin gwamnati.

Sai dai galibin irin waɗannan manhajoji masinjoji ne kawai. Idan ma'aikaci ya rubuta cewa albashinsa na watan jiya bai shigo ba, manhajar takan ɗauki jimlar ta miƙa wa wasu manyan kwamfutoci na haya da ake kira gajimare, irin waɗanda ke bayan Dialogflow na Google ko Lex na Amazon. A can ake tantance manufar mai saƙon, a tsamo wata da lamba da sunan wuri, a auna ko cikin fushi yake, sannan a dawo da sakamako. Hukumar da ta yi hayar tana riƙe da mabuɗin shiga, ana kuma lissafa mata kuɗi gwargwadon yawan saƙonni, akasari da dala.

A nan Hausa ke gamuwa da cikas. Mai rubutu a waya ba ya neman ƙugiya: ƙafa da kafa duk ɗaya ne a wurinsa, yana haɗe kalmomi, yana cusa Turanci a tsakiyar jimla. Sunayen wuraren yankin ma tarko ne. Dutse unguwa ce a Abuja, babban birnin Jigawa ne, kuma abin da ake fasawa ne a yi gini. Madalla gari ne a hanyar Suleja, kalmar yabo ce, sannan makamin gatse ce. Wanda ya rubuta “madalla da aikinku, wata uku ba albashi” ba godiya yake yi ba, amma na'urar da ba ta san gatse ba za ta jera shi cikin waɗanda suka gamsu, rahoton da zai isa teburin babban sakatare kuwa ya nuna komai lafiya lau.

Masu bincike na gida sun fara toshe wannan ɓaraka. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka, waɗanda mutane suka tantance da hannu. A Satumban 2025 kuma aka ƙaddamar da N-ATLAS, wanda kamfanin Awarri ya gina tare da ma'aikatar sadarwa ta Bosun Tijani. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya shiga manhajar wata hukuma da kansa. Sai an nema.

Batu na biyu ya fi nauyi. Saƙon koke yakan ƙunshi lambar IPPIS, da lambar fansho, wani lokaci har da larurar da ta hana mutum zuwa ofis. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙetare, Hukumar NDPC ce kuma ke sa ido. Gwamnati na da nata rumbunan a hannun Galaxy Backbone, a Abuja da Kano, don haka fitar da bayanan zaɓi ne, kuma akwai jami'in da ke sa hannu a kansa.

Kayan haya kuma ba su da tabbas. Microsoft ta sanar da rufe LUIS, ɗaya daga cikin fitattun hidimomin fahimtar harshe, ta umarci masu amfani da shi su koma sabon tsari. Duk hukumar da ba ta ajiye misalan jimlolin da ta horar da manhajarta da su ba, za ta sake biyan ɗan kwangila ya tattaro su tun daga tushe. Hadimin da ke duba takardar kwangila kafin ta kai gaban shugabansa zai iya tambayar ƙasar da kwamfutocin suke, da wanda ya mallaki jimlolin, da kuma ko an gwada manhajar da saƙonnin da mazauna Jiwa da Gwagwa da Karmo suka rubuta da yatsunsu.