Manufar Ilmi a Ƙasar Arewa Daga Zamani Zuwa Zamani

Sau da yawa hakimi yakan gamu da magidanci wanda ya fid da ɗansa daga makaranta, idan aka tambaye shi dalili sai ya ce yayyen yaron sun gama karatu ba su sami aikin Gwamnati ba. Wannan magana tana da tushe, gama an yi zamanin da aka kafa makarantun boko musamman domin samun ma'aikata. Amma wannan zamani ya wuce. Ya kamata hakimai da malamansu su san yadda manufar ilmi ta yi ta sakewa, domin su iya ba talakawa amsa bisa hujja.

Tun kafin zuwan Turawa da ƙarnuka akwai makarantun allo da na ilmi a Kano da Katsina da Zazzau da Borno. Abin da ake nufi da karatu a lokacin shi ne mutum ya san Ubangijinsa, ya gyara ibadarsa, ya koyi ladabi. Yaro yakan fara da babbaƙu da farfaru, ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan in yana da himma ya shiga littattafan fiƙihu da nahawu a zauren malami. Daga cikin waɗannan ake samun limamai da alƙalai da magatakardan sarakuna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ɗaga tutar jihadi cikin 1804, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin wa'azi.

Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sai suka tarar ba su da mutanen da za su rubuta musu lissafin haraji da jangali da haruffan da suke iya karantawa. Saboda haka cikin 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Aka yi ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na sana'o'in hannu, ana koyar da rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da tsabta, da harshen Hausa. Manufarta a fili take, watau samar wa En'e malaman baitulmali da na kotu da na hakimai. Ba a yi nufin kowane yaro ya shiga ba, 'yan kaɗan ake bukata.

Da makarantu suka fara yawa sai aka rasa masu karantarwa. Wannan ya sa aka kafa Kwalejin Katsina cikin 1921 domin horad da malamai. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. Ahmadu Bello ya karantar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah cikin 1934. A wannan shekara kuma aka buɗe makarantar shari'a a Kano domin horad da alƙalai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka juya, aka fara maganar zaɓe da mulkin kai. Mutumin da bai iya karanta rasit ɗin harajinsa ba, ko nauyin gyaɗarsa a kan sikeli, lalle ana iya cutarsa, kuma da wuya ya san abin da wakilinsa ke yi a Majalisa. Don haka a farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hakimai da dagatai su ne ke tara jama'a. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, ta zama abin karantawa ga waɗanda suka koya. Ta ɗaya gefen kuma ana gaggawar samun 'yan Arewa da za su gaji kujerun Turawa. Arewa ta sami mulkin kai cikin 1959, Nijeriya ta sami 'yanci cikin 1960, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962 domin samar da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malaman gona.

Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. An kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya cikin 1989. Cikin 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta wa iyaye su sa 'ya'yansu, maza da mata, su yi shekara tara a makaranta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Da wannan ilmi ya tashi daga zama gatan 'yan kaɗan ya zama haƙƙin kowane ɗa.

To, makarantar da aka buɗe wa dukan yaran ƙasa ba ta yiwuwa ta kai su duka ofis, gama kujerun ba su kai yawansu ba. Abin da ake nema yanzu shi ne manomi ya iya karanta umurnin da ke jikin buhun taki, uwa ta gane ranar rigakafi a katin asibiti, ɗan kasuwa ya riƙe lissafinsa, mai gona ya san abin da ke cikin takarda kafin ya dangwala mata hannu. Tsohuwar manufa ta tarbiyya kuwa tana nan ba ta gushe ba, yaro na iya haɗa allo da boko kamar yadda shugabannin farko suka yi.

Saboda haka idan hakimi ya fita rangadi, kada ya tsaya ga tambayar yara nawa aka rubuta a rajista. Ya bincika nawa ke zuwa da damina, nawa ne 'yan mata, kuma ya sa ɗan aji huɗu ya karanta masa wasiƙa da Hausa. Malamin hakimi ya rubuta abin da aka gani, a aika wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a kuma sanad da Sarki.